Yaran Aro na Makarantar Tsallake

Uwani, rage fitilar nan. Sallau, sauka daga kan akwatina, ba kujera ba ce. Sauran ku matso kan tabarma, ku rage murya, Gwaggo Hansai tana kwance a ɗakin can ba ta jin daɗi. Kuma kada wanda ya ce min ta zo mu ji ta. Ba tatsuniya na tara ku in yi muku ba.

Na ji abin da kuka yi yau. Eh, na ji. Kuna cikin jirgin fito kuna dawowa daga makaranta, kuka hango ta a gindin bishiyar kaiwa tana rubutu a jikin katako, kuka biye wa 'ya'yan mutane kuna yi mata waƙa. Mahaukaciyar bakin ruwa, ko ba haka kuka ce ba? Kai Sallau har da tafi. Ƙanwar iyayenmu maza! Wallahi da labarin ya zo min sai da tuwo ya fita raina. To yau za ku ji abin da manya suka ƙi faɗa muku. Ni Tasalla ina ciki. Ban kai Uwani tsawo ba a lokacin, amma da idona na gani.

Kun san garin nan, amma bari in faɗa muku shi kamar baƙi. Tafkin Maiwuya ciki biyu gare shi, babba a gabas, ƙarami a yamma, sai wani siririn ruwa ya haɗa su. Shi muke kira Wuya. Shi ya raba Tungar Kaiwa gida biyu. Can Tudu, jar ƙasa da marmara, kasuwa, masallacin Juma'a, titin mota, can yawancin jama'a suke. Nan Tsallake kuwa mu ne masunta, gidajenmu ba su taka kara sun karya ba. Da rani ruwan Wuya ya janye, hanya ta fito, a taka da ƙafa. Da damina sai jirgi.

A da muna da makarantarmu a nan Tsallake. Ba ku tarar da ita ba. Ɗaki biyu ne na ƙasa a gindin kaiwar nan, daidai inda ruwa ke tsayawa in damina ta kai maƙura, har ya riƙa lasar bango. Malama ɗaya ce tak, Gwaggo Hansai. Ita ce hedimasta, ita ce mai kaɗa ƙararrawa, ita ke yaɓe bangon da hannunta in ya zube. Kun san abin da ya sa ta manne wa makarantar nan? Ita da iyayenmu maza suna da ƙane, Mantau. Kafin a buɗe ta Tsallake, Tudu yake zuwa karatu. Wata damina jirgi ya kife a Wuya. Jakar littattafansa kaɗai aka tsamo. Tun ranar Gwaggo ta ce in dai tana numfashi, yaron Tsallake ba zai ƙara hawa ruwa don neman karatu ba.

Akwai abu biyu da kowane ɗan Tsallake ya tashi da su. Na farko, ba a ƙirga yara a bakin ruwa. In aka tambayi mace 'ya'yanta nawa, sai ta ce alhamdulillahi, ta wuce. Na biyu kun san shi, don ku ake aike: in maƙwabciya ta aiko da abu a kwano, ba a mayar mata da kwanon wayam. Ko gishiri ne a zuba. Su ma mutanen ɓoye na cikin ruwan, maƙwabta muke ce musu, ba ma kiran sunansu. Sun riga kakanninmu zama a nan.

To wata shekara da rani, sai Baffa Shekarau ya aika aka kira Gwaggo. Eh, shi, Baffanku na birni, mai aiko muku da yadi in sallah ta zo. A lokacin shi ne kansila, yana zaune a Tudu. Wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ya ce, "Hansai, masu duba makarantu za su zo. Kai za su ƙirga. In ba su ga yara ba, sun rufe taki."

Ta ce, "Yaya, yaran ke nan da Allah ya ba mu. Ƙera su zan yi?"

"Ki aro. Kowa haka yake yi. Ki cika min ɗakunan nan biyu rana ɗaya tak, ni kuma in sa a gina miki ta bulo. Nan inda take, a gindin kaiwarki."

"Ka tabbata, Yaya?"

"Haba Hansai. Nono ɗaya muka sha. In cuce ki in ce na cuci wa?"

Ta yarda. Wa zai ƙi yarda da wansa? Ta shiga yawon neman yara. Ta je rugar Fulani, ta tarar sun tashi, sai toka da turaku. Ta je ƙauyukan bayan Tudu, suka ce su ma ranar za a duba tasu, ba su da na bayarwa. Ana gobe masu dubawa za su zo ta juyo gida hannu rabbana. Ta gangaro Wuya ita kaɗai, rana tsaka.

Kun san ba a bin Wuya a wannan lokacin. Ita ma ta sani. Amma zuciya ta cika, ba ta ma lura da inda rana take ba.

Ƙasa ta bushe ta tsattsage. Ba iska. Balbelun da ke kiwo a wurin kullum, ranar ko ɗaya babu. Tana cikin tafiya sai ta ji ƙanshin damina. A tsakiyar rani fa. Ta ɗaga kai.

Wata mata ce zaune a kan wani tsohon jirgi da aka kife. Baƙin zane ne a jikinta. Kwano a cinyarta, tana ɓarar bado a ciki. Zanen yana ɗiga. Ɗis. Ɗis. Ga shi kuwa ruwa ya yi nisa da wurin.

Gwaggo ta yi sallama. Bakin matar ya motsa, ya rufe. Sannan muryar ta iso, a baya, kamar mai magana a cikin tulu. Ta amsa sallamar kuwa, cikakkiya.

Ta ce, "Malama, kin sha rana."

Gwaggo ta ce, "Baiwar Allah, daga ina?"

"Maƙwabta ne."

Gwaggo ta sauke ido ƙasa. Ƙafafun matar faffaɗa ne, fata ta haɗe yatsun kamar na agwagwa. A ƙarƙashinsu busasshiyar ƙasar tana tsattsafo da ruwa.

Uwani, sake min hannu, za ki karya ni.

Gwaggo ta so gudu, ƙafa ta ƙi. Ta kama Ayatul Kursiyyu, ta kakare a tsakiya. Matar ta ƙarasa mata.

Sannan ta ce, "Ba cuta ta kawo ni ba. Yara kike nema. Ina da su."

"Naku ai ba irin namu ba ne."

"Mai ƙirga kai zai duba, ba ƙafa ba." Ta jefa bado ɗaya a kwano. "Kullum suna jin ki ta ƙarƙashin kainuwa. In naki sun ce a, ba, ca, da, su ma sai su ce. Amma ba su taɓa ganin yadda ake rubuta su ba."

Gwaggo ta tuna Mantau. Ta tuna gobe. Ta ce, "Me zan ba ki?"

Matar ta ɗaga kwanon. "Ke 'yar Tsallake ce. Kin san yadda ake mayar da kwanon maƙwabta."

"Ba a mayar da shi wayam."

"To. Karatu za ki zuba min. Bencin baya ya zama nasu. Makaranta kuma ta zauna inda take. Nawa ba sa wuce inda ruwa ke kaiwa da damina. Jar ƙasa tsaga musu ƙafa take yi."

"Yayana ya yi min alkawari a nan za a gina."

"Nasa ban ji ba. Naki nake so."

Gwaggo ta ce, "Na yi alkawari."

Ta ƙifta ido, ba kowa a kan jirgin. Sai jiƙaƙƙen wuri guda a ƙasa, rana na shanye shi.

Ku saurara da kyau, don nan ne abin yake. Gwaggo ba ta ɓoye ba. Da la'asar ta koma Tudu, wannan karon da 'yan rakiya, ta keɓe da Baffa Shekarau ta faɗa masa komai. Matar, ƙafafun, sharaɗin, duk. Ɗan masunta ne shi ma, a bakin ruwan nan aka yanke cibiyarsa, ya san ba zancen wasa ba ne. Ya saurare ta har ƙarshe. Sannan ya ce, "Na ji. Su zo." Don haka kada wani ya ce muku bai sani ba.

Washegari muka zo makaranta muka tarar ɗakuna sun cika. Yara ne kamar mu, sai dai shiru gare su. Gashinsu a jiƙe. Riguna da zannuwa har ƙasa, ba ka ganin ƙafar kowa. Ɗakin yana warin laka da bado. Gwaggo ta ce mana baƙi ne, kada wanda ya yi musu tambaya. Wata yarinya ta zauna kusa da ni. Kafaɗarta ta taɓa tawa, na ji sanyi har haƙori. Ba ta ƙifta ido. Ta daɗe tana kallon fensirina, sannan ta nuna abin da na rubuta, muryarta can ƙasa ta ce, "Wannan fa?" Na ce, "Harafin ba ke nan." Ta yi murmushi. Wallahi ban ji tsoronta ba. Na karya fensirin biyu na ba ta rabi.

Masu dubawa suka iso da hantsi, Baffa a gabansu da babbar riga. Babbansu ya fitar da mu waje, ya jera mu a gindin kaiwa, ruwa na kallonmu, ya bi mu yana taɓa kan kowa da biro yana ƙirgawa da ƙarfi. Tsofaffin da suka taru a gefe suka kama salati. Wata ta juya baya don kada ta gani. Shi ko a jikinsa. Ya gama ya ce bai taɓa ganin ɗan ƙauye irin wannan da yara haka ba. Ya dubi inda muka tsaya, ya ga ƙasa ta yi caɓal, ya ce ko an yi yayyafi ne. Baffa ya yi dariya ya ce ai Tsallake danshi gare ta. Ina kallonsa. Idonsa bai sauka ƙasa ba ko sau ɗaya.

Bayan nan yaran suka ci gaba da zuwa. Ba duka ba, daidai cikin bencin baya. Ba mu ga zuwansu, ba mu ga tafiyarsu. In mun maimaita karatu sai ka ji tasu muryar ta biyo baya kaɗan. Mun saba. Kowa a Tsallake ya sani, ba mai magana. Shekarar kuwa kifi ya yi albarka, har banda ta rasa wurin shanya. Gwaggo ta yi ƙiba don murna. Kullum sai ta auna filin gindin kaiwa da ido, ta ce nan za a sa ƙofa, nan taga.

Sai motocin bulo suka zo. A Tudu suka sauke.

Da farko ta ce ai mota ba ta iya shiga Wuya, da amalanke za a kwaso. Ta jira. Sai ta ji an haƙa harsashi a gonar Baffa Shekarau, can saman marmara, wurin da ko rijiya sai an sha wuya take kawo ruwa. Ta yafa gyale ta tafi. Ni ta riƙe wa hannu ranar, don ba ta ƙara bin Wuya ita kaɗai ba. Muka same shi a zaure.

Ta ce, "Yaya, gini na gani a gonarka."

Ya ce, "Hansai, ki yi tunani irin na manya. Tudu ke da jama'a. Su suka zaɓe ni. Ku gidajenku nawa ne?"

"Da yaranmu aka samo ta. Da na maƙwabta."

"Yara ai na Tungar Kaiwa ne gaba ɗaya. Haka na kai musu. Makaranta ɗaya babba ta ishi gari."

"Ta Tsallake fa?"

"Za a haɗe ta da wannan. Ke ma an ba ki aji a ciki. Me kike nema kuma?"

"Alkawarin fa, Yaya? Ka san da wa na yi shi."

Ya gyara hula ya ce, "Ke kika yi, ba ni ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mantau fa?"

Ya kawar da kai. Can ya ce, "Zan saya wa Jatau sabon jirgi."

Jirgi! Ka ji fa. Jatau shi ne mai fito a lokacin, uban wannan da ke tuƙa ku yanzu. Ƙanwarka ta ambaci ɗan'uwanku da ruwa ya ci, ka ce za ka sayi jirgi. Baffana ne, ba zan zage shi ba, amma Allah yana gani. Gwaggo ba ta yi kuka a gabansa ba. Sai da muka gangaro Wuya ta durƙusa a ƙasa ta yi ta yi, ni ina tsaye a kanta.

Da aka gama ginin aka turo ma'aikata suka kwashe bencinanmu, suka yaye rufin, har ƙararrawar suka tafi da ita. Bencin baya mutum huɗu suka taru a kansa kafin ya ɗagu, yana zubar da ruwa kamar an tsamo shi daga tafki. Ina tsaye a gaɓa. Na ga kawuna a tsakanin kainuwa, jere, idanu kawai a waje. Suna kallo har aka haye da shi.

Damina ta sauka. Ruwa ya cika Wuya ya batse. Muka fara hawa jirgi zuwa Tudu, mu da Gwaggo, safe mu tafi, azahar mu dawo. Ita ce a gaba kullum, bakinta bai daina addu'a ba. Kwanaki suka wuce ba abin da ya faru, har iyayenmu suka fara sakin jiki.

Sai wata rana, ba hadari. Sama tas. Mun taso daga makaranta, rana a tsakar ka, mun kai tsakiyar Wuya. Jirgi ya tsaya cak.

Jatau ya tura sanda. Ba ta taɓa ƙasa ba. Ya sake turawa har hannunsa ya shige ruwa. Wurin da ya sani kamar tafin hannunsa. Ya dubi Gwaggo, zufa na keto masa.

Ruwan ya kwanta lumui. Kwaɗi suka yi tsit. Sai ƙanshin bado.

Sannan hannuwa suka fito. Ƙanana. Suka kama bakin jirgin ta ko'ina, dama da hagu, fata a tsakanin yatsu. Na leƙa. Ƙawata ce ta benci, fuskarta a ƙarƙashin ruwa tana kallona. Ba fushi a fuskar. Rabin fensirin nan yana maƙale a bayan kunnenta.

Jirgi ya fara yin ƙasa. A hankali, ba girgiza. Ruwa ya zo daf da baki, ya fara shigowa, ya rufe mana idon sawu. Ba wanda ya iya ihu. Ni dai na ji fitsari ya zubo min, ba zan ɓoye muku ba. Sallau, in ka yi dariya sai na mare ka.

Matar tana tsaye a gaban jirgin, ruwa iya ƙugunta, a wurin da sanda ta kasa samun ƙasa. Ta ɗaga kwanon, ta kife shi. Ko ɗigo bai faɗo ba. Bakinta ya motsa, muryar ta biyo.

"Malama. Kwanona ya dawo wayam."

Gwaggo ta miƙe tsaye. Ta ce, "An ci amanata kamar yadda aka ci taki."

"Na sani. Amma bakinki na ji. An ƙirga nawa da naki a bakin ruwa, kai da kai. Tun ranar aji ɗaya ne. Nawa ba za su iya hawa Tudu ba. To naki su sauko."

Ruwa ya kai mana ƙwauri. Wani ƙaramin yaro ya ƙanƙame ni.

Gwaggo ta ce, "Ba ni da ɗaki. Ba ni da benci. Amma ina da baki da hannu. Ki sake su. Ni zan zauna a gindin kaiwa in koyar da naki."

"Yau kaɗai?"

"Duk ranar makaranta. Daga fitar yaran nan har dawowarsu."

"Har yaushe?"

"Muddin 'ya'yan Tsallake suna ƙetare Wuya."

Matar ta juyo da kwanon ta miƙo. Alli ne a ciki, guda ɗaya, fari sol, a jiƙe.

Ta ce, "Wannan ba ya ƙarewa. Duk ranar da ya yi rubutu a gindin kaiwa, yaranku za su kai gaɓa. Ranar da bai yi ba, kada a ce ban faɗa ba."

Gwaggo ta ɗauka. Hannuwan suka saki. Jirgi ya taso kamar an ɗaga shi, sandar Jatau ta daki ƙasa. Da muka kai gaɓa iyayenmu suna tsaye, don sun hango komai. Aka yi ta rungumarmu ana kuka. Babana da kansa ya durƙusa ya riƙe ƙafar Gwaggo, ƙanwarsa, yana sa mata albarka.

Kun zaci nan abin ya tsaya? Ina!

Washegari ba ta hau jirgi ba. Ta jawo katakon tsohon jirgi ta jingina da kaiwa, ta fara darasi. Da yamma ta je wa Baffa. Ba gini ta roƙa ba wannan karon. Rumfa kawai, da a bar ta a matsayin malamar Tsallake. Shi kuma tsoro ya kama shi. In maganar ta fita, za a tambayi ina yaran da aka ƙirga. Sai ya riga ta. Ya bi manyan gari yana girgiza kai, yana cewa ƙanwarsa ta taɓu, a taya shi addu'a. Ya kai maganar har sama. Aka sallame ta daga aiki. Har mai magani ya aiko mata, wai don zumunci.

Mutanen Tsallake kuwa, waɗanda suka gani da idonsu? Gum. Wani yana kunyar a ce 'ya'yansa da alkawarin maƙwabta suke yawo. Wani yana tsoron kansila. Wani an ba shi sabuwar komar kamun kifi. Jatau ya karɓi jirginsa, har ya koma ga Allah bai buɗe baki ba. Tun ana cewa ta taɓu a gaban baƙi kawai, har aka saba, har waɗanda aka haifa daga baya suka ɗauka gaskiya ce. Har aka kai yau, 'ya'yan gidanmu suna yi mata waƙa. Wannan shi ya fi ci min rai, wallahi, ya fi na Baffa ciwo.

Ita wadda ba mutum ba, ko sau ɗaya ba ta saɓa ba. Ku tambayi duk wanda kuke so. Tun ranar jirgin 'yan makaranta bai ƙara ko tangaɗi a Wuya ba. An yi ambaliyar da ta cinye gonaki, an yi iskar da ta kife jiragen manyan masunta, naku yana wucewa kamar a kan tabarma. Kuna ce ƙwarewar ɗan Jatau ce? Yaron da ko sanda bai iya riƙewa daidai ba? Gwaggo ce. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, zazzaɓi bai taɓa hana ta fita ba. Baffa yana birni a gidan bene, makaranta ana kiranta da sunansa.

Yau da kuka wuce da waƙarku ba ta tsaya ba. Sai da ta ga kun taka gaɓa ta rufe darasi. Ta yunƙura ta tashi, ƙafa ta ƙi. Da la'asar na je na goyo ta. A hanya ta ce min, "Tasalla, muryar Sallau ta fi ta kowa fita. Zai yi kyau da karatun baki." Ba ta ƙara komai ba. Eh Sallau, yi kukan, ya kamata ka yi.

Na kira Baffa a waya ɗazu. Na ce ƙanwarka ta kwanta, gobe kuma akwai makaranta, ba kowa a gindin kaiwa. Ya ce, "Har yanzu ba ku bar wannan shirmen ba?" Ya ce zai aiko a sayi magani. Ya kashe.

To ku matso. Uwani, ɗan ɗaga fitilar.

Kun gani? Allin nan ne. Taɓa, kada ki ji tsoro. Sanyi ko? Tun magariba yake ƙulle a gefen zanena, dubi yadda ya jiƙa shi sharkaf. Shekara da shekaru yana rubutu, ko tsinin bai ragu ba. Ba ta ce in karɓa ba, kada ku ɗora mata. Cewa ta yi in tafi abina, jibi ne ranar da zan shiga kwaleji a birni, ga akwatina can a ɗaure. Na jira ta yi barci na zare shi daga hannunta. Ina cikin jirgin nan ranar, na ji da kunnena. Alli aka ce ya yi rubutu, ba a ce hannun wa ba. In na tafi, wa zai zauna? Babanku? Liman? Duk sun san hanyar gindin kaiwa, yau ba wanda ya leƙo.

Gobe in kun hango ni a can, kuna iya yin waƙarku, ba zan hana ku ba. Amma ku zauna daram a cikin jirgi, kada wanda ya tsoma hannu a ruwa. In rani ya zo hanya ta fito, kada ɗayanku ya bi Wuya shi kaɗai da rana tsaka. In kuwa kun ji ƙanshin damina a inda ba ruwa, ku yi sallama ku wuce, kome aka yi muku tayi ku ce kun gode.

Sallau, share hancinka, ka kwance min igiyar akwatin nan kafin ka kwanta. Uwani, kashe fitilar. Da sassafe nake da aji.